Geron da Yaya Habu Ya Sa wa Hula

A kakar bana Yaya Habu ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma kowace shekara idan sabon gero ya fara shigowa kasuwar Gumel sai in ce zan zauna in rubuta wani abu a kansa, sai in kasa. Bana na iya, domin wani abu da ya tokare mana ƙirji tun bayan tafiyarsa Allah ya sauke mana shi, ina kuma so in yi godiyata a gaban jama'a.

Ga wanda bai san shi ba, malamin gona ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana zaga ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar a kan wani tsohon babur da sai an tura shi yake tashi. Dogo ne, ba shi da yawan magana, sai fa idan tsautsayi ya sa ka tambaye shi wani abu game da hatsi. To ranar tuwonka sai ya huce a gabanka, shi ko a jikinsa.

Yana saurayi aka tura shi kwas wata ƙasar Larabawa inda ake noman sha'ir. Mu 'yan gida muka zauna lissafin tsaraba, ni har na zaɓi kalar mayafin da nake so a raina. Da ya dawo, abin da ya fara cirowa daga jaka wata kwalba ce, a cikinta busassun zangarniyar sha'ir guda biyu. Ya shimfiɗa su a tabarma gaban mahaifiyarmu kamar ya kawo zinariya. Ɗaya siririya ce, ƙwayarta a jere layi biyu. Ɗayar kuwa a cike take ta kowane gefe, layi shida.

Ya ce duk sha'ir ne, dangi ɗaya. A kowace gaɓa ta zangarniyar akwai gurbin ƙwaya uku. A siririyar, gurbin tsakiya ne kaɗai yake cika, na gefe biyu su zauna fanko. A ɗayar kuwa duk ukun suke cika. Ya ce ba taki ne ya raba su ba, ba kuma ruwa ba, wani ɗan bambanci ne a cikin gadon da kowacce ta ɗauko daga iyayenta, kuma haka za ta ba 'ya'yanta.

Inna ta ce, "To Habu, wane wawa ne zai bar shida ya shuka biyu?"

Ya ce, "Inna, murtsuke ki gani."

Ta murtsuke ƙwaya daga kowacce a tafin hannunta. Ta mai layi biyu manya ce, daidai wa daida. Ta mai layi shida ta fi yawa, amma na gefe sun tsumbure. Yaya ya ce tsiro ɗaya abincinsa ɗaya ne, ko dai ya raba wa ƙwaya da yawa su fito ƙanana, ko ya ba kaɗan su ƙoshi, kuma manomi ne zai duba ƙasarsa da ruwansa ya san wanne ya fi masa. Inna, mai 'ya'ya tara, ta ce wannan ai ba sai an hau jirgi za a gaya mata ba. Mayafina dai bai zo ba, na kuma yi wata guda ina masa fushi.

Sha'ir ba ya yi a jigawarmu, zafi da yashi ba za su bar shi ba. Amma Yaya ya dawo da idon da yake kallon zangarniya da shi, sai ya juya shi kan gero. Mutanenmu suna son zango, wannan mai dogon kai da yake kai tsawon hannu, wanda idan ka ɗaure daminsa sai an tsaya kallo. Shi ma yana sonsa. Abin da ya dame shi shi ne, duk shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, dogon kan nan ba ya cika, sai ka ga tsawo babu nauyi. Sai ya fara bin gonar mahaifinmu da ke kusa da Gagarawa Tasha kunya-kunya yana neman wani irin kai: gajere, mai ƙwaya a matse tun daga gindi har tsini, mai nuna da wuri, kuma mai gashi irin na gargasa wanda yake tsone wa tsuntsu ido. Zai sami wannan hali a nan, wancan a can, amma da wuya su haɗu a kara ɗaya.

A nan ne aka jawo ni cikin maganar. Lokacin na yi aure, ina ɗinki a gida da keken hannu. Wata rana ya shigo da farin yadi marar kauri a hammata.

Ya ce, "Ladi, huluna za ki ɗinka min."

Na ce, "Yaya, ni ba na ɗinkin hula, ka je wajen masu zanna."

Ya ce, "Ba tawa ba ce. Ta gero ce."

Na kalle shi in ga ko wasa yake, na ga ba alama. Ya bayyana min cewa gero ba ya tsare gidansa. Idan ya yi bununi, wato wannan garin da yake tashi daga zangarniya, iska ce take kwasa ta kai duk inda ta ga dama. Ka zaɓi kai mai kyau ka shuka, abin da zai fito rabinsa na maƙwabci ne. Don haka yana son 'yan jakunkuna dogaye masu zariya, ya rufe kan da ya zaɓa tun kafin ya yi bununi, sannan shi da hannunsa ya ɗebo garin wannan ya zuba wa wancan, ya sake rufewa. Na ɗinka ina mita. Kowace damina sai ya dawo da sabon yadi, ni kuma in sake sabuwar mita, in kuma ɗinka.

Ba zan manta ranar da na fara ganin fegin da ya ware wa aikin a gonar ba. Gero a tsaye, kowane da farar hula, sai ka ce masu jiran liman a filin Idi. Masu wucewa a kan amalanke har tsayawa suke yi su yi dariya. Wasu suka ce boko ne ya taɓa shi. Daga nan aka laƙaba masa Mai-hula, mu kuma a gida muka riƙa kiran geron ɗan hula don tsokana. Bai taɓa jin haushi ba. Idan aka kira shi Mai-hula a kasuwa sai ya amsa, ya kuma tambayi mutum ya gonarsa.

Ya fi shekara goma yana wannan aiki. A hankali fegin ya fara daidaita, kai ya zama kamar kai. Wata shekara ruwa ya ɗauke gero yana cikin zuba ƙwaya, gonaki da yawa suka tashi da ƙaiƙayi, fegin Yaya kuwa ya riga ya nuna. Masu dariyar jiya suka fara zuwa da ƙoƙo suna roƙon iri. Sai ya ce su yi haƙuri, saura kaɗan, har yanzu wasu suna fitowa ba gashi. Wannan hali nasa ya sha ba ni haushi. Na sha ce masa, Yaya ka ba mutane abin nan haka, cikakke sai Allah. Sai ya yi murmushi ya ce baɗi.

A kakarsa ta ƙarshe ya zaɓi kawunan da suka fi kwanta masa, ya ɗaure damin iri guda, ya kawo gida Gumel ya rataye shi da igiya a ɗakin ajiya, sama da buhunan na ci. Bai daɗe ba ciwo ya kwantar da shi. A gadon asibiti ya ce wa matarsa, Yaya Hajara, "Damin nan da yake rataye, kada a taɓa shi sai damina." Ta ce to. Ita kaɗai ce a wurin. Bayan 'yan kwanaki Allah ya karɓi abinsa.

Wanda ya taɓa zaman makoki ya san yadda gida yake komawa. Yaya Hajara tana ɗaki cikin takaba, mata suna shiga suna fita, ko sunanta aka kira sai an maimaita. Ragamar tsakar gida ta koma hannun Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta goyi Yaya Habu yana jariri. Da sadakar bakwai ta zo za a yi gumba, Gwaggo ta buɗe ɗakin ajiya. Ga buhunan gero a ƙasa. Ta ɗaga kai ta ga dami a rataye, kawuna tsaf-tsaf, ba ta taɓa ganin gero mai kyansa ba. A tarbiyyar da ta tashi da ita, abin da ya fi kyau a gida shi ake fitarwa sadakar mamaci. Ta sa aka sauko da shi, aka sussuke, aka surfe, aka daka. Gumbar ta yi fari, ta yi gardi, kowa yana yabawa. Ni ma na ci, har na ƙulla wa yarana a leda.

Ba wanda ya farga sai da Yaya Hajara ta fita takaba, hadari ya fara haɗowa. Ta shiga ɗakin ajiya don ta sauko da amanarta, ta tarar da igiya kawai tana lilo. Da aka gaya wa Gwaggo abin da damin yake, zama ta yi daɓas a ƙasa. Abin da kawai ta iya cewa shi ne, "Wayyo ni, na zaɓa masa mafi kyau ne." Wa zai iya yi mata faɗa a kan haka? Mun gwada shuka na cikin buhu, ko za a dace, sai ya fito a gauraye, dogo da gajere, mai gashi da marar gashi, babu kuma mai idon da zai tsince.

Yaya Hajara ba ta taɓa ɗora wa Gwaggo laifi ba, har Gwaggo ta koma ga Allah. Kanta ta ɗora wa. Cewa take yi abu ɗaya tak ya roƙe ta a ƙarshen zamansu, ta kasa buɗe baki ta faɗa wa kowa. Daga ranar ba ta ƙara sa gumba a bakinta ba. Idan ana dakanta a gidan suna ko gidan rasuwa, sai ta nemi dalili ta tashi. Igiyar ma ta hana a kwance. Ni ba ni da haƙuri irin nata, na sha yi mata faɗa. Na ce mata macen da take cikin takaba ina za ta tuna da dami, kuma Yaya da kansa da ya ba mutane irin nan tun farko da ba a kai ga haka ba. Sai ta ce, "Ladi, ke ba ki ji muryar da ya faɗa da ita ba." Haka muka yi shekaru, maganar tana nan tsakaninmu ba mai taɓa ta.

A cikin shekarun nan abubuwa da yawa sun canza waɗanda nake so a ce ya gani. Damina ta ƙara zama marar alƙawari, ta zo a makare ta tafi ba sallama, daidai abin da yake tsoro. Yanzu iri har a leda ake sayar da shi da hoton zangarniya a jiki, matasa kuma a waya suke duba ko za a yi ruwa. Na san da zai sayi ledar, ya shuka a gefe, ya zauna yana kallonta kamar mai jarraba sabon ɗan aiki. 'Yarsa Maryam ta gaje shi, fannin noma take karantawa a jami'a. Ita ta gaya min cewa wannan ɗan bambancin da ya raba sha'ir mai layi biyu da mai shida, masana tuni suka gano takamaiman inda yake a cikin ƙwayoyin gado. Na ce da babanki yana nan da ranar ba wanda zai ci tuwo da zafi a gidan nan. Kwalbar sha'ir ɗin tana nan a kan kabad ɗin mahaifiyarta.

Bara bayan girbi na je kasuwar Maigatari sayen yadi, na ce bari in auni gero kafin in wuce. Na tsaya gaban wani mai awo, ya ɗaga kwano ya ce, "Hajiya, wanne za a auna miki, zango ko ɗan hula?"

Na ce, "Me ka ce?"

Ya ce, "Ɗan hula. Ya fi nauyi a kwano, kuma fura tana sonsa."

Na dafa buhun na leƙa ciki. Na tambaye shi me ya sa ake kiransa haka. Ya ce shi dai ya ji an ce gashin da yake kansa ne kamar hula, amma Allah ne masani. Na yi dariya hawaye yana zuba, mutumin ya tsaya yana kallona, ina jin ya ɗauka ba ni da cikakken hankali. Da na natsu ya gaya min daga wajen Sule Tankarkar ake kawo masa, Fulanin wata ruga ne suka fara shuka shi.

Ban gaya wa Yaya Hajara ba, don ina tsoron in ɗaga mata rai a banza. Na sa babban ɗana ya ɗauke ni a babur, muka yi ta tambaya daga wannan ruga zuwa waccan har aka kai mu wajen wani dattijo, Malam Buba. Ina ganinsa na gane shi. Shi ne yake sauke shanunsa a gonarmu da rani don su bar taki, shi da Yaya suna zama ƙarƙashin gawo suna hira. Bayan mun gaisa na faɗa masa abin da ya kawo ni.

Ya ce, "Hajiya, ai Malam Habu ne ya ba ni da hannunsa, damina ɗaya kafin ya rasu. Ya ce Buba, rugarku nesa take da gonakin mutane, iska ba za ta kawo masa baƙo ba, ka shuka ka zo ka gaya min abin da ya yi. Na shuka, ya yi. Ina shirin zuwa na ji rasuwa."

Na ce, "Malam Buba, duk shekarun nan ba ka neme mu ba?"

Ya ce, "Na zo gaisuwa ran bakwai, har gumba aka ba ni na ci. Ni a zatona naku yana nan. Wa zai kai wa mai abu abinsa?"

Ashe shi ma ya ci irin. Na ba shi labarin abin da ya faru, ya riƙe baki yana salati. Ya ce kowace kaka yana shiga gona kafin girbi ya zaɓi kai yadda Malam ya nuna masa. Maƙwabta suka gani suka roƙa ya ba su, surukansa na tsallaken iyaka ma suka ɗiba, sunan da ya ji a bakin Yaya kuma ya bi geron ba tare da kowa ya san tela ba. Ya shiga rumbu ya fito da damin irinsa na shekarar, ya raba biyu ya miƙo min rabi. Na yi ta yi masa godiya. Ya ce in daina, kayanmu ne ya dawo.

Da na shiga gidan Yaya Hajara tana tankaɗe a tsakar gida. Na ajiye damin a gabanta. Ta zaro kai ɗaya, ta shafa shi daga tsini zuwa gindi, gashin ya soke ta a yatsa. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta tashi ta ɗauka ta shiga ɗakin ajiya, na ji tana jawo turmi ta taka. A igiyar nan ta rataye shi.

Da daminar bana aka shuka shi a gonar Gagarawa. Maryam ta zo hutu ta bi shi kunya-kunya kamar ubanta, ta dawo ta ce ba daidai yake da wanda take tunawa ba. Karansa ya ƙara tsawo da ganye, ga alama Malam Buba yana zaɓe yana tuna shanunsa, wasu kawunan kuma sun ɗan miƙe, alamar zango ya leƙo ta wani wuri. Na yi ta tunanin abin da Yaya zai ce. Na san zai fara da gunaguni, ya ce an ɓata masa aiki. Daga baya kuma zai tsuguna ya murtsuke ƙwaya a tafi, ya yarda cewa geron ya shiga hannun mutane, kowa ya ja shi wajen buƙatarsa, kuma daga irin wannan bambancin ne shi ma ya fara zaɓe. Bayan haka zai aiko min da farin yadi.

Bai bar gidan sama ba, ba a sa wa titi sunansa ba. Abin da ya bari wani gero ne da yake cika ko ruwa ya yi gardama, da suna na tsokana wanda masu awo suke faɗa a Maigatari ba su san daga ina ya fito ba. Na gode wa Allah da ya sa mutumin da yake ce wa kowa baɗi ya karya dokarsa sau ɗaya saboda aboki. Na gode wa Malam Buba da ya riƙe abin da bai ma san amana ce ba. Allah ya jiƙan Yaya Habu, ya jiƙan Gwaggo Asabe, ya haskaka kabarinsu.

Da aka yi girbi, Yaya Hajara da kanta ta zaɓi kawunan iri ta ɗaure ta rataye. Ta tara duk wanda yake gidan, har da matan maƙwabta, ta nuna da yatsa ta ce da ƙarfi, "Wannan iri ne, ba a taɓawa, ko ni ce na mutu." Sannan ta ɗebi sauran, ta hana kowa taɓarya, ta daka gumba ita kaɗai. Ta ce sadaka ce ga mijinta da kuma Gwaggo. Kafin a fita da ita ta gutsura ta sa a baki, ta tauna a hankali, idonta ya cika da ƙwalla. Ta miƙo min dunƙule ɗaya.

Ta ce, "Ladi, ci ki ji. Wannan karon da saura a sama."